Hayaƙin da Ba Shi da Wari

Tun ina yaro a Dakoro ake tsokanata da hanci. Innata takan ce ko an ɗaure mini ido aka zaga gari da ni, sai na faɗi gidan da ke girki da kalgo, da wanda ke hura kashin shanu, da wanda tuwonsa ya fara kamawa. Ni ma na yarda da kaina ƙwarai, har na ɗauka babu hayaƙin da zai gifta ni ban kira sunansa ba. Da wannan taƙamar na tsallaka gadar Gaya, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, ina zaune a gaban motar Baba Abarshi, za ni Dahome koyon gyaran mota.

Baba Abarshi aminin mahaifina ne, tare aka yi musu kaciya. Gajere ne kakkaura, mai son raha, direban wata tsohuwar babbar mota mai shan isansi, wato fetur, ta wani attajirin Maraɗi. Gyaɗa yake kaiwa Faraku, inda jirgin ƙasa ke karɓa ya kai bakin teku. Ƴar Auta yake kiran motar, kuma bai yarda ko ƙuda ya sauka a kanta ba. Cikin kabin, wato ɗakin direba, ya shimfiɗa fatun rago a ƙasa, ya cusa tsumma a kowace kafa saboda rairayin hanyarmu. Da can ƙofofinta ko gilashi babu. Sai da ya fara bin hanyar kudu mai ruwan sama ya sa aka saka masa, kuma yana ji da gilashin nan kamar sabuwar riga.

Mun wuce Malanbil lafiya, muka karya a Kandi. Muna fita garin hadari ya haɗo, aka sako ruwa da rana tsaka irin wanda ban taɓa gani ba. Baba ya ɗaga gilasai ya rufe ruf. Sai ya jawo wani ɗan kasko daga ƙarƙashin kujera, da garwashin da ya roƙa wajen mai shayi, ya barbaɗa wani gari a kai. Ƙamshi ya cika kabin. Hancina ya tsinci ƙaro da saiwar jema, sauran ban gane ba.

Na ce, "Baba, maganin mi ne?"

Ya ce, "Na hanya ne. Kai dai yi bisimilla."

Ba a jima ba kaina ya fara sarawa. Na ce a raina yunwa ce, ko kewar gida ce ta fara tun yanzu. Jikina ya mutu, wani barci mai daɗi yana jana. Abin da ya farkar da ni shi ne jin ciyawa tana dukan cikin mota. Na waiwaya, sai na ga Baba Abarshi idonsa rufe, hannuwansa bisa sitiyari, har da ɗan murmushi. Na ƙwalla ihu na girgiza shi. Ya taka birki, Ƴar Auta ta tsaya da ƙafa ɗaya cikin rami.

Muka fito cikin ruwa. Baba ya durƙusa ya yi amai, ya daɗe yana mayar da numfashi. Da ya dawo hayyacinsa sai ya kama hannuna, ya gaya mini abin da bai gaya wa ko iyalinsa ba. Tun da ya fara bin wannan hanya, in ana ruwa, ciwon kai ke kama shi, barci ya biyo baya. Abokinsa Nomau, shi ma direba ɗan Dakoro, daminar da ta wuce ya faɗa ƙarƙashin wata gada da rana tsaka, ko alamar birki ba a gani ba. Direbobi suka ce iskokin kurmi ne ba sa son mutanen arewa. Shi ya sa Baba ya je wajen wani malami a Birnin Lalle ya karɓo hayaƙi. Kowa kuwa ya san yadda ake hayaƙi a wajenmu: lulluɓa ake yi, ko a rufe ɗaki, don maganin ya shiga jiki.

Ya ce, "Ɗana, abin ga da kag gani, kar shi hita bakinka. In mai mota ya ji Abarshi na kwana bisa sitiyari, gobe za shi amshe makulli, kuma babu mai sake ba ni mota tun daga nan har Damagaram. Ga ɗiya cike da gida. Rantse mini."

Na rantse. Ruwa ya ɗauke, muka sauke gilasai, muka ƙarasa Faraku yana ta ba ni labarin dariya kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa tun daga ranar tsoro ya zauna mini a ciki, cewa wata rana za a zo a ce mini an tsinci Ƴar Auta a ƙarƙashin gada.

A Faraku muka tarar bakaniken da Baba ya yi niyyar damƙa ni gare shi ya tashi ya koma Kwatano, can bakin teku. Baba ba shi da halin jira. Ya sauke kaya, ya bar ni wajen mai masauki a zangon Hausawa, ya ce in nemi wani gareji kafin ya dawo. Na tsaya ina kallon bayan motar har ta sha kwana.

Washegari wani mutum mai farar riga da tattausar murya ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce shi ɗan Korahane ne, kusa da garinmu. Ya tambayi gidanmu, na faɗa, ya riƙe baki ya ce ai kakana ya taɓa ba shi ruwa a rijiya. Ni kuwa sakarai ban lura ba cewa duk sunan da ya ambata, ni na fara faɗinsa. Ya ce ya san babban garejin Turawa, amma ba a shiga hannu sake, kuma ba a shiga da ƙunshi kamar baƙauye. Ya karɓi cuku, wato busasshen nonon da innata ta ƙulla mini, da kilishi a matsayin gaisuwa, ya karɓi jakata da bargona ya riƙe mini. Ya kai ni ƙofar wani babban gida ya ce in zauna, ya shiga. Na zauna har inuwa ta juya. Da na gaji na leƙa, sai na ga ashe ba gida ba ne, lungu ne mai fita wata unguwa.

Ban yi kuka a kan bargo ba, ko da yake na sha sanyin damina saboda rashinsa. Cukun ne ya yi mini ciwo, domin da hannunta ta shanya shi.

Da ciki ya matsa, na shiga dako a tashar jirgi. Buhunan gyaɗa muke saukewa daga motocin arewa muna jerawa cikin taragu. Harshen mutane ban ji, abincinsu doya ce safe da yamma, ni kuwa hura nake mafarki. In na saɓa buhu nakan kai hancina jikinsa, in ji ƙamshin ƙasar gida da rumbu da rana. Wani lokaci in ce wataƙila wannan daga gonar kawuna ta fito. Abokan dako suna dariya, suna nuna ni suna cewa ga mai sansanar buhu.

A bakin tashar akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai soya doya, kowa Iya yake ce mata. Nakan zauna nesa kaɗan da ita, inda iska ke kawo ƙamshi. Wata rana na ga tana ta hawaye tana fifita wuta, hayaƙi ya turnuƙe ta. Daga inda nake na ji itacenta ɗanye ne. Na je bayan tasha na tsinto mata busassun ƙirare, na gyara mata murhu. Sai ta zuba mini guntayen doya a ganye. Daga nan ya zama kullum. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, sunana ma ya gagare ta, Nijar take kirana. Amma ido gare ta. Ta lura duk motar da aka buɗe wa gaba, sai na miƙe na bar abinci ina leƙe. Rannan ta rufe kaskonta, ta kama wuyan hannuna kamar ɗan akuya, ta ja ni har wata rumfar kwano a bayan kasuwa. Ta yi wa wani dogon mutum magana mai tsawo da faɗa-faɗa, ta sake ni, ta juya.

Dogon mutumin shi ne Maigida Dosu, mutumin bakin teku, wanda ya koyi aiki a tashar jiragen ruwa. Ya yi zama da Hausawa, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Iya ta ce kai ka san wuta. Mu gani ko ka san hayaƙi." Na ji daɗi a raina, na ce yau an zo gidana.

Yadda yake aiki dabam ne. In an kawo mota, sauran makanikai gaba suke fara buɗewa. Shi baya yake zagawa. Kullum akwai farin ƙyalle a aljihunsa, matarsa na wanke masa su kamar na jariri. Sai ya sa a tayar da inji, ya kara ƙyallen a bakin salansa, wato bututun hayaƙi, ya duba, ya sansana, ya murza da yatsa. In baƙi ne busasshe, mota na shan mai fiye da iskar da take samu, a duba matatar iska da karburato. In shuɗi ne mai maiƙo, baƙin mai take ƙonawa. In fari ne mai damshi kuma bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Daga nan ya bi bututun da ƙyalle, gaɓa gaɓa, tun daga wutsiya har inda ya fito daga inji, yana neman inda baƙi ya tsatso. Wani lokaci ya toshe bakin bututun da tsumma na ɗan lokaci, ya kasa kunne ya ji inda ke huci. Ƙarshe ya duba ɗan bututun da inji ke numfashi da shi, ya tabbata bai toshe ba. Yakan ce hayaƙi baƙo ne da ya gama cin abinci, aikinmu mu raka shi har ƙofar gida, kada ya ɓata hanya ya shiga ɗakin mutane.

Na kama wannan karatu da wuri, har na fara ɗaga hanci. Zafin hannu dai na sha shi, da wankin ƙarafa cikin kananzir, da kwana a ƙarƙashin benci. Amma ina ƙoshi, kuma an daina kirana mai sansanar buhu.

Baba Abarshi yana zuwa yana komawa. Da rani lafiyarsa lau, ya zo da hura a gora da gaisuwar gida, ya ce maganin malam ya ci. Da damina ta sake kamawa sai na ga ya fara zubewa. Idanunsa suka yi ja, raharsa ta ragu, yana yawan dafe goshi. Ya canza kasko ya sayi babba. Ya ƙara tsumma a gefen ƙofofi don kada maganin ya tsere. In na ce, "Baba, ya jiki?" sai ya harare ni ya ce, "Wane jiki?"

Wata rana muna gyaran wata ƙaramar mota a cikin rumfa, inji na aiki, sai ruwa ya sauko da iska yana feso mana kayan aiki. Na yi maza na saki tamfol na rufe gefen da ke buɗe, ina jiran a yaba mini. Maigida Dosu, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka mini tsawa, ya fizge tamfol ɗin, ya kashe inji.

Ya ce, "Kana so ka kashe mu?"

Na ce, "Maigida, ai motar ba ta hayaƙi. Ƙyalle fari ya fito. Ni ban ji warin komai ba."

Ya ce, "Wannan hanci naka zai kai ka kabari. Wanda kake gani, wanda kake ji, ƴan rakiya ne. Mai kisan ba shi da launi, ba shi da wari. Yana cikin hayaƙin kowace mota, yana cikin garwashi ma. A fili ba ya komai. A rufe, kai ya fara ciwo, jiki ya mutu, barci mai daɗi ya zo. Shi ke nan."

Na tsaya da tamfol a hannu, ruwa na dukana, ban ji ba. Hanyar Kandi ce ta dawo mini, da gilasai a rufe, da kaina da ya sara, da murmushin Baba. Ashe ni ma abin ya kama ni a ranar, ni da iskokin kurmi ba su san da zuwana ba.

Sanin abu dabam, faɗinsa dabam. Na rantse ba zan gaya wa kowa ba, don haka ba ni da bakin neman shawarar maigida. Shi kuma Baba, yaya ɗan da aka haifa a gabansa zai dube shi ya ce maganin da ya dogara da shi ne ke ƙara masa ciwo? Zai ce na zo kurmi na koyo raina malamai. Ƴar Auta kuwa bai taɓa barin wani bakanike ya taɓa ta ba, shi ke gyara abarsa. Kuma ban ma tabbata ta ina hayaƙin ke shiga ba. Na yi ta juya abin a raina har ya sake zuwa.

Wannan zuwan da tabo a goshi ya sauko, fitilar mota ɗaya a fashe. Ya ce saniya ce ta gifta masa. Na bari ya ci abinci, na durƙusa gabansa.

Na ce, "Baba, alfarma nika nema. Maigida za shi gwada ni, shi gani ko na isa a ba ni makullan aiki na kwance noti. Babbar mota aka so, kuma kowa tsoro shikai in ɓata mishi tashi. In ba kai ba, ban da kowa garin ga."

Ya harare ni. Ya ce, "Ƴar Auta lahiyatta lau."

Na ce, "Shi ya sa, Baba. Dubawa ce kawai."

Ya yi tsaki ya ce saboda ubana zai yi, ba don ni ba. Na ruga wajen Maigida Dosu na ce ina roƙo ya gwada ni yau, a kan motar babana. Ya dube ni ya ɗan daɗe, domin bai taɓa cewa zai gwada kowa ba. Sai ya zaro farin ƙyalle ya miƙo mini.

Baba ya kawo mota ya tsayar a fili gaban rumfa, ya bar inji na aiki, ya zauna a benci ya harɗe hannu yana kallona kamar na zo neman auren ƴarsa. Na zaga baya da ƙyallena. Na duba dama, na duba hagu, babu bakin salansa. Na bi gefen mota ina leƙe, babu. Sai da na kwanta na ja ciki har ƙarƙashin kabin na same shi. An yanke bututun, guntu ne bai fi kamu biyu ba, kuma wani abu ya taɓa bugunsa ya tanƙwara bakinsa sama. Kai tsaye yake hura cikin ƙasan kabin, daidai inda sandunan birki da kuloci ke shiga. Ƙarfen wajen ya yi baƙi ƙirin. Na goga ƙyalle, na fito. Na buɗe ƙofa na ɗaga fatar ragon da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Samanta fari tas, Baba na kakkaɓe ta kullum. Cikinta kuwa kamar gindin tukunya.

Na kai wa maigida ƙyallen da fatar. Ya juya fatar, ya leƙa kabin, ya ga tsummokaran da aka cusa, ya ga kasko. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce da Baba, "Maigida direba, wa ya yanke wannan bututu?"

Baba ya gyara zama, abin alfahari ya zo. Ya ce, "Wani maƙeri na Sabon Maci. Kai ba ka san hanyarmu ba. Rairayi ne, ƙahwahun mota sun yi rami biyu, tsakiya ya yi tudu. Dogon bututu ba ya kai Maraɗi, tudun ga ya cire shi. Sai munka yi dabara munka gajarta. Duk motar Dakoro haka take."

Maigida Dosu ya kaɗa kai ya ce, "Dabara ce. A ƙasarku, ƙofa ba gilashi, iska na wucewa, dabara ce mai kyau." Sai ya juyo gare ni ya ce da ƙarfi, yadda Baba zai ji, "Kai, ka gano. Amma gani rabin aiki ne. In ba ka raka hayaƙin nan har waje ba, ba ka ci ba."

Baba ya miƙe ya ce ba a yi haka da shi ba, dubawa aka ce. In an sa dogon bututu, kafin ya kai gida rairayi ya cinye shi. Maigida ya ce ba sai an bi ƙasa ba, ana iya lanƙwasa shi a fito da shi gefe, a miƙe shi sama a bayan kabin, ya wuce rufi. Baba ya ce wato a mayar da Ƴar Auta jirgin ƙasa, yaran Dakoro su bi shi suna dariya. Ya nufi mota zai hau.

Na sha gabansa na durƙusa a cikin caɓi. Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Na ce, "Baba, don Allah. Don zumuncinka da babana."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya bisa matakala. Ya dube ni, ya dubi fatar ragon da ke hannun maigida. Ina jin a zatonsa makullan aiki nake yi wa kuka, ko kuwa ya ga wani abu, Allah ne masani. Ya sauko ya ce, "Tashi, kar ka ba ni kunya gaban mutane. Ku yi abin da za ku yi."

Yini muka yi a kai. Na yanko bututu daga wata matacciyar mota, maigida ya nuna mini yadda ake cika shi da yashi a gasa kafin a lanƙwasa don kada ya murƙushe. Muka ɗaure shi da ƙarfe a bayan kabin, muka toshe ramukan ƙasa da roba. Na sake bin sa da sabon ƙyalle gaɓa gaɓa, na toshe bakin na saurara, babu inda ke huci. Da za a ba da mota, Maigida Dosu ya ɗauko kaskon ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce tankin isansi na ƙarƙashin kujera, garwashi a nan haɗari ne, ya riƙa yin maganinsa a waje kafin ya hau. Ni kuma na ce sabon aiki na son iska, ya riƙa barin gilashi a ɗan buɗe ko ana ruwa. Baba ya ce yau ya ga ikon Allah, yaron da ya goya ke ba shi doka. Ya ja motarsa ya tafi, hayaƙi na tashi sama ta bayan kansa.

Da ya ɓace, maigida ya ce, "Tsohon nan, kansa na ciwo in ana ruwa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba kai ka faɗa ba. Fatar rago ta faɗa." Ya jefo mini makulli mai baki biyu ya ce in riƙe, nawa ne.

Sai jira. Damina ta kai tsakiya, kullum sai an yi ruwa. Duk sanda hadari ya haɗo ta arewa, abinci ba ya shiga mini. Ina tunanin ko Baba ya cire bututun a hanya don kunya, ko ya koma wa kaskonsa, ko ma ni ne ban gane ciwon ba. Lokacin dawowarsa ya yi ya wuce. Na riƙa zuwa tasha ina tambayar direbobin arewa, wani ya ce ya gan shi a Dosso, wani ya ce bai gan shi ba. Iya ta lura, ta riƙa tura mini doya tana cewa, "Ci, Nijar, ci."

Ina zaune wajenta wata ranar da aka wuni ana yayyafi, sai na hango wani bututu tsaye yana tahowa sama da rufin motoci. Na watsar da ganyen doya na ruga. Baba Abarshi ya diro yana faɗa tun kafin ya taka ƙasa, wai gada ce ta karye ta tsare su, wai yaran Dakoro sun sa wa motarsa suna Mai Lulla, wato mai tukunyar taba. Idonsa fari, muryarsa ta dawo. Gefen rigarsa na wajen taga jiƙe yake sharkaf.

Na ce, "Baba, ya hanya?"

Ya ce, "Lahiya lau. Tun daga Gaya aka ruwa, ko hamma ban yi ba. Maganin malam ne sai yanzu ya kama."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Muka zauna a bencin Iya, ta zuba masa doya. Ya ci, ya yi santi, ya tsokane ta da hannu ta rama. Can sai ya ajiye doyar. Ya daɗe yana kallon bututun nan da ke ɗigar ruwa. Da ya yi magana, ba ni yake kallo ba.

Ya ce, "Rana guda anka yanke muna bututun, ni da Nomau. Shi bai so ba. Ni nab ba shi shawara."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya yi wa Nomau addu'a, na ce amin. Iya ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta daina juya doya har muka shafa.

Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Akwai sauran motocin gida na tahe baya. Na hwaɗa musu maigidanka mugun mutum ne, kullum cikin gwada ka shike, su taimaka su ba da motocinsu. Kar ka ba ni kunya."

Ya tafi wajen sauke kaya. A kan bencin, inda ya tashi, ya bar kaskon, wankakke, babu ko toka a ciki.

Washegari da hantsi motar farko ta iso ƙofar rumfa, gilasanta a rufe, direban na dafe da goshi yana tambayar ina yaron Abarshi. Na karɓi farin ƙyalle wajen maigida, na zaga bayanta.